Bakina bai san komai ba sai "da sauƙi"

Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Wasu har sun aiko suna tambaya ko fushi nake. Ba fushi ba ne, magana ce ta ƙwace mini. Ni ɗin da Ladi matata take ce wa rediyo mai jini.

Wata safiya ina shan shayi a gidanmu na Lugbe kofi ya suɓuce daga hannuna na dama. Na so in ce wa Ladi ta miƙo tsumma, sai na ji wani shirme ya fito daga bakina. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce. Da ta kalli fuskata dariyar ta tsaya.

Maƙwabcinmu Malam Sani ne ya ɗauke ni a motarsa, da rigar ofis a jikinsa. Duk hanyar yana cewa, "Oga Ishaku, yi mini magana mana." Ina jin sa sarai, amsar ce babu.

A asibiti aka auna jini, aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Kuɗin hoton kaɗai ya sa Ladi ta sayar da firizarta. Likita ta ce hawan jini ne ya taɓa gefen da ke riƙe da magana. "Yana fahimta, Madam. Kada ku yi magana a kansa kamar ba ya nan."

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, kalma biyu suka rage mini: da sauƙi.

Nas ta ce, "Baba, kai na ciwo?" Da sauƙi. Kuma kaina kamar zai tsage. "Za ka ci tuwo ko shinkafa?" Da sauƙi. Ladi tana waya a gefe tana gaya wa 'yan'uwa, "Mun gode Allah, da bakinsa ya ce da sauƙi." Ni kuwa ina kwance ina tafasa.

A cocinmu na Methodist kowa yana da aji, wato ƙaramin rukuni da ke haɗuwa kowane mako. Ni ne shugaban namu. Aikina in bi mutum ɗaya ɗaya in tambaye shi, "Yaya ranka?" Ba gaisuwa ba ce, ana son gaskiyar abin da ke tsakaninka da Allah. Wanda ya ce mini lafiya lau, ba na sakinsa. Har faɗa nake, in ce nan ba bakin titi ba ne.

To ga ni a gado, ba abin da ke fita bakina sai amsar bakin titi.

Addu'a ma ta gagara. In na fara a zuci sai kalmomin su watse, in nemi sunan Ubangiji in rasa. Tsoro ya kama ni sosai, fiye da tsoron mutuwa. In ba zan iya kiransa ba, yana ji na kuwa? Hukunci ne? Na me? Ko dama can surutu ne kawai nake yi, na ɗauka bangaskiya ce? Ban samu amsa ba.

Ranar Lahadi bayan sujada 'yan ajinmu suka zo dubiya. A cikinsu akwai Mama Saratu, tsohuwar da ke hawo mota tun daga Karshi don aji. Kowa ya ce yaya jiki, na ba su abin da nake da shi. Ita ba ta tambaya ba. Ta zauna ta ɗauko waƙar da muke buɗe aji da ita.

Sai na ji murya tana bin ta. Tawa ce. Baiti guda cur, kalma bayan kalma. Waƙa na ƙarewa na buɗe baki in yi godiya, sai ga da sauƙi.

Na fashe da kuka don haushi.

Likita ta ce hakan na faruwa, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a kai ba. Mama Saratu kuwa cewa ta yi, "Shugaba, ba kai ka koya mana cewa alheri yana riga mu zuwa ba? Ka ce tun jariri bai iya baba ba Allah ya san shi. To me ya canza?"

Na koyar da wannan, gaskiya ne. Ashe ban taɓa zaton zan buƙace shi ba.

Bayan sallama aka shiga gashi da koyon magana. Ana nuna mini cokali in ce takalmi. Ladi ta yi haƙuri da ni, ni ban yi da kaina ba.

Watanni suka wuce kafin na koma aji. Mama Saratu ce ke riƙe da shi. Ta bi kowa, ta zo kaina.

"Ishaku, yaya ranka?"

Da sauƙi ta taso har bakin leɓena, na danne ta. Ba wanda ya taya ni. Na yi ta lalube.

"Ban... sani... ba."

Ta ce, "Madalla. Mako mai zuwa ma za mu tambaye ka." Ta wuce kan na gaba.

Yanzu ina magana, a hankali, hannun ma ya dawo. Dalilin da ya sa abin ya same ni har yau ban gane ba, kuma na daina ƙirƙiro amsa.

Na gode wa Allah. Ladi, kina bi na bashin firiza da abin da ya fi firiza. Malam Sani, likita da nas-nas, 'yan ajinmu, Allah ya saka.

Don Allah ku riƙa auna jininku ko kuna jin garau. In bakin mutum ya karkace ko maganarsa ta rikice, kada a tsaya shafa mai ko jiran fasto, a yi asibiti nan take, a yi addu'ar a mota.

In kuma kun je dubiya mara lafiya ya ce muku da sauƙi, kada ku tashi tukuna. Ku ja kujera.