Auta, Na Kai Ƙarshen Barandar

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran ƙanwata, autar gidanmu, likita mai binciken cutar jijiyoyin jini, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Auta, na ga manyan asibitinku a sahun gaba wajen zaman makoki, suna yabonki da murya mai rawa. Su ne dai suka ba ki ɗakin da ake ajiye karyayyun gadaje suka ce ki yi bincikenki a ciki. Ban yi mamaki ba. Ni ma na yi karatun kimiyya, na fito da sakamakon da aka yi ta magana a kai, sannan na ga yadda ake raba kujeru, na tattara littattafaina na koma gida da sigarina. Ke kuwa kika share ɗakin, kika kafa na'urorinki.

Abin da ya dame ki shi ne wannan: likitan tiyata zai buɗe jijiyar da ta toshe ya gyara ta, bayan wani lokaci kumburi ya taso daga ciki ya sake matse ta. Kina gwada wani magani ko zai kwantar da kumburin. Kin sha yi mini bayani a kan tabarma, ni kuwa ina ce miki ba wanda zai karanta.

Sai abin ya zo kan ƙafata ta hagu. Ta yi sanyi, sha-raɓata na ɗaurewa in na ɗan yi tafiya. Aka yi mini aiki, likitan tiyata ya ce in jijiyar ta sake toshewa, ƙafar ba za ta tsira ba. Na sa hannu na shiga bincikenki. A nan na ji ƙa'idar: rabin marasa lafiya ana ba su maganin gaske, rabi ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki, kuma ba mai sanin wanda ya samu wanne.

Na ja ki gefe na ce, “Ki sa ni cikin masu na gasken.”

Kika ce, “Yaya, ni kaina ban sani ba. Ranar da na sani, aikin ya lalace.”

Na ce, “Jininki ne fa ni.”

Kika nuna bencin da tsofaffin da ke cikin binciken suke zaune a kai, kika ce, “Kowa a can jinin wani ne. Kawo sigarin nan dai, shi kam na san abin da ke cikinsa.”

A rayuwata na ga an lanƙwasa doka saboda suruki, saboda aboki, saboda mai gidan haya. Ban taɓa ganin ta tsaya a miƙe ba sai a hannunki, kuma a kaina ta tsaya. Da wannan nake alfahari, fiye da duk takardun da suka lissafa a wajen makoki.

Abin da kike iya ba ni, kin ba ni. Duk ranar awo kina ajiye aikinki ki taka doguwar barandar asibiti tare da ni. Da farko a bakin famfo ciwo yake tsayar da ni. Daga baya na kai tagar karɓar magani. Kina tsokanata wai tsohon da ya raina duniya ga shi baranda ta gagare shi.

Bayan rasuwarki na koma awo. Abokin aikinki ya ce binciken zai ci gaba. Ya rage murya ya ce, saboda ke, zai iya neman a duba mini wace ƙwaya nake sha. Na ce masa ya bar ta yadda kika bar ta. Zan ji ranar da sauran 'yan benci za su ji. Sannan na tashi. Na wuce famfo, na wuce tagar magani, na dafa ƙofar da ke ƙarshe. Ƙafar tana nan, da ɗuminta. Na waiga in gaya miki.

Allah Ya jiƙan ki, Auta, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa wahalar da kika sha a ɗakin nan ta zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta da 'ya'yanta, da abokan aikinta na gaskiya, da tsofaffin da ke zaune a benci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.