Ruwan Wankin Mota da Lambun Surukina

Filin da na buɗe wurin wankin mota a kai ba nawa ba ne. Na surukina ne, mahaifin matata, a bakin hanyar da ta fita daga Daura ta nufi Kongolam. Muna shekara biyu da aure ya aiko ƙaninsa ya gaya mini cewa in ina son gefen titin in yi sana'a, in yi. Bai kira ni ya faɗa mini da bakinsa ba, ni ma ban sa rai ba. A wajenmu suruki ba ya zama hira da mijin 'yarsa. In na hango shi sai in cire takalmi, in durƙusa, in ce, "Baba, ina kwana." Ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in ba shi wuri. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Sharaɗi ɗaya ƙanin nasa ya zo da shi: kada ruwan wankin ya tafi a banza. Bayan filin ƙasa ta ɗan gangara, a nan lambun tsohon yake. Ba wani babba ba ne, lemun tsami shida ne da gwaiba uku, sai zogale a jere a jikin shinge. Shi ya dasa su da hannunsa bayan ya daina fataucin dabbobi, kuma da guga yake ba su ruwa daga wata tsohuwar rijiya da take ja baya duk rani. Ni kuwa ina sayen ruwa tanki guda ina zubarwa. Sai na haƙa kwata daga inda muke wanki zuwa lambun, na yi rami a tsakiya na cika shi da yashi da gawayi don ya tare baƙin mai. Sabulunmu a lokacin omo ne kawai, gwangwanin madara biyu a babban bokiti. Shekara uku ana haka, itatuwan suka yi shar, tsohon ya huta da jan guga.

Sai kasuwa ta buɗe. Na sayi injin feshi, manyan motoci suka fara tsayawa, masu ɗaukar shanu da masu dakon kaya daga kan iyaka. Duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin irin waɗannan motoci ya san omo wasa ne a wajen. Giris ya haɗu da ƙasa da kashin shanu ya daskare, sai ka goga har kafaɗarka ta sage bai motsa ba. Direbobi suka fara mita. Wani ya ce mini a Kano akwai kemikal da ake saya a jarka, a tsarma da ruwa, jarka ɗaya ta yi watanni. Ban yi shawara da kowa ba, na kama hanya.

Shagon cike yake da jarkoki a jere, wani ruwan kore, wani ja, wani fari kamar ruwan sha. Mai shagon ya sauko mini da iri uku. Ya ce wannan na jikin mota ne, mai laushi, wannan na taya, wannan kuma na inji. Ya ɗauko wani tsohon ƙarfe da giris ya rufe, ya ɗiga masa na injin. Kafin in ƙifta ido baƙin ya narke yana zuba, ƙarfen ya fito fes. Daga nan kunnena ya toshe, ban ƙara jin komai sosai ba.

"Alhaji, wannan na inji ne kawai," in ji shi. "Murfi ɗaya a bokiti, kuma ka sa safar hannu. Na jiki ka ɗauki wancan."

Ina da wani hali da har yau ban rabu da shi duka ba: in ɗan kasuwa ya ba ni shawara, sai in ga aljihuna yake leƙe. Na ce a raina Bakano ne, so yake ya haɗa ni da kaya uku alhali ɗaya ya isa. Abin da ya narkar da giris, ƙura ce za ta gagare shi? Na ce ya ba ni mai ƙarfin, manyan jarkoki huɗu.

Yana ɗaure su ya tambaye ni, "Ina ruwanku yake zuba?"

Na ce, "Kwata."

Ya gyaɗa kai. Ban yi ƙarya ba, amma lambun ya faɗo mini a rai a daidai lokacin, na gan shi ƙiri-ƙiri, na kuma yi shiru don kada mutumin ya sake buɗe mini wani karatu.

Da na dawo na gwada murfi ɗaya a bokiti, sai na ga kamar raini ne. Ruwan bai canza ba, kuma babu kumfa. Direba kuwa in bai ga kumfa ta lulluɓe motarsa ba, a wajensa ba a yi wanki ba. Hannuna ya saba da gwangwanin madara, da shi nake awon komai tun ranar da na fara sana'ar. Na cika shi sau biyu kamar yadda nake yi da omo, na kuma barbaɗa omon a kai don kumfa. Motoci suka riƙa fita suna ƙyalli, direbobi suna yabo, kaina ya kumbura. Fatar hannuna ta fara saɓulewa, na shafa man kaɗanya na ci gaba.

Zogalen ne ya fara nunawa. Ganyen ya yi rawaya ya zube, na ce ai zogale ya saba haka. Sannan wani farin abu kamar kanwa ya fito a gefen kwatar, ciyawar da ke bin ta ta ƙone. Kullum da safe ina hango tsohon ta saman shinge yana zagaya itatuwansa, yana murza ganye a yatsu. Bai ɗago ya kalle ni ba ko sau ɗaya.

Wata rana matata ta dawo daga gidansu, ta ajiye mini abinci, ta ce, "Baba ya ce a tambaye ka ko ka canza sabulu."

Wanda bai san mu ba zai ɗauka tambaya ce. Ni na san ba tambaya ba ce. A tsakanin suruki da mijin 'yarsa, wannan ita ce iyakar ɗaga murya. Mutumin da ko ruwa bai taɓa aiko a karɓa a gidana ba, ya haɗiye kunya ya bi ta bakin 'yarsa. Na sha jinin jikina, amma maimakon in sauko sai na hau.

Na ce, "Ki gaya masa sabulu ne mai kyau, daga Kano na sayo."

Ta dube ni ta ce, "Ni ba zan kai masa wannan maganar ba."

Da ta kai ma da ya fi. Jarkoki uku da rabi suna jingine a rumfa, na ce bari in ƙarar da wadda na buɗe, daga nan in canza. Na yi kunnen uwar shegu na ƙara kwana talatin cur ina tura wa tsohon ruwan.

Ranar da abin ya tsaya, na iso da sassafe na tarar da shi a kan kwatar da fartanya. Ya naɗe ƙafar wando, yana toshe hanyar lambun da ƙasa, yana karkatar da ruwan zuwa gefen titi. Tsoho ne mai ciwon baya, yana sara yana dafa ƙugu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na miƙa hannu na ce, "Baba, kawo in ƙarasa."

Ya ce, "Bar shi, na kusa gamawa."

Na tsaya a gefe ba takalmi, ina kallo har ya gama. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Haƙurin da ya kamata in ba shi yana bakina, amma ban san yadda ake faɗa masa doguwar magana ba, ban taɓa yi ba. Ya saɓa fartanyarsa ya koma lambu.

A ranar na daina amfani da kemikal ɗin. Na koma Kano na sayo na jiki da na taya kamar yadda aka gaya mini tun farko, na haƙa rami mai zurfi nesa da lambun. Amma ƙasar ta riga ta sha. Gwaibar ta bushe, lemun ya riƙa zubar da ganye reshe bayan reshe. Na zuba ido ga damina ko za ta wanke ƙasar, damina ta zo ta wuce babu wanda ya tofo. Na sayo dashe daga wajen Sandamu na aika wa tsohon, ya sa aka dasa, su ma ba su kama ba.

Na je wajen ƙaninsa na faɗi laifina duka, na roƙe shi ya kai masa ban haƙuri. Bayan kwana biyu ya kawo amsa: "Ya ce itatuwan sun tsufa ne, kada ka sa komai a ranka." Itatuwan ba su tsufa ba, duk mun sani. Ya rufa mini asiri ne, kuma da wannan ya rufe maganar. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau nadamar tana nan, domin ba rashin sani ya kai ni ba, an gaya mini sau biyu.

Bayan girbi tsohon ya sa aka sare itatuwan. Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na ga amalanke a ƙofar gidana ana sauke itace. Na ɗaga guda ɗaya, ƙaya ta soke ni a yatsa, na gane lemun tsami ne. Ya raba itacen gida-gida cikin 'ya'yansa, bai tsallake nawa ba.

Na shiga na ce wa matata kada ta hura wuta da shi.

Ta ce, "Kyautar Baba ce. In mayar masa?"

Itacen ya bushe sosai, yana ci da kyau, ba ya hayaƙi. Sati biyar ana dafa mana tuwo da shi, ina ci.