Baba Bani-Fari da Idanun Inna

Kafin masu shagunan layinsu su gama ɗage ƙofofi, shi ya riga ya share gaban nasa ya yayyafa ruwa. Shagon ɗan mitsitsi ne, a matse tsakanin na tela da na mai gyaran agogo, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Yakan jera kyamarorin bidiyonsa a kan tebur, ya goge gilashin kowacce da ƙyalle mai laushi. Daga nan sai ya zaro wani farin kati daga aljihun gaba, ya jingina shi da bango, ya cika idon kyamara da shi, ya danna maɓalli. Ya fito bakin ƙofa inda rana take, ya sake yin haka. Baƙo in ya gan shi sai ya ɗauka dattijon nan da sauran magani, don wa ya taɓa ganin mai ɗaukar hoton babu?

Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane tun da daɗewa. Baba Bani-Fari kowa ke ce masa, saboda duk taron da aka gayyace shi ɗauka, ko gaisuwa ba a gama ba za ka ji ya ce, "A ba ni fari." An taɓa kawo masa madara a kofi. An taɓa turo masa wani farin mutum daga cikin baƙi. Wata tsohuwa kuwa juya ido ta yi, ta yi masa fari, ta ce, "Ga shi nan, in ya ishe ka." Shi kuwa abin da yake nema bai wuce farin mayafi ko farar takarda a daidai inda za a zauna ba.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "'Yata, kyamara ba ta san fari ba. Hasken ƙwan lantarkin ɗaki ja-ja ne, na doguwar fitilar ofis kore-kore, na inuwa shuɗi-shuɗi. Idonki yana gyara wannan da kansa, ba ya ma gaya miki. Ita kuwa sai kin nuna mata kin ce, wannan shi ne fari. In ta gane fari, sauran launuka kowa ya koma gidansa." Na gyaɗa kai irin na wadda ta fahimta. Allah ya sani rabi na kama.

Tela maƙwabcinsa ya ba ni labarin wani mutum da ya zo shagon yana huci, da sabuwar kyamara a hannu. Ya ɗauki taron yaye 'yarsa daga makaranta. A ɗan allon da ke gefen kyamarar komai ras, da ya sa a talabijin sai duhu kamar cikin rijiya. Baba ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya yi ta laluben saitin har ya gano cewa an ƙure hasken ɗan allon, shi ya sa mutumin ya yi ta rage hasken da ke shiga kyamarar yana zaton ya yi yawa. "Allo daban, abin da ke shiga ciki daban," in ji Baba. Tela ya ce yinin ranar duka a kan hoton nan ya ƙare, har fuskar yarinyar ta fito yadda za a gane ta, uban ya fita yana share ido.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru.

Inna, mahaifiyarmu, ta ɗan jima ba ta jin daɗi. Abinci ba ya shiga, ga kasala, ga ƙaiƙayin jiki. Muka ce girma ne da zazzaɓi, muka yi ta sayo ƙwayoyi. Ta daina fitowa daga ɗakinta. Ɗakin kuwa tun da maƙwabta suka ta da bene tagarsa ta koma kallon bango, don haka ƙwan lantarki ne ke ci dare da rana, irin mai jan hasken nan. Yayanmu yana aiki a nesa, ya daɗe bai zo gida ba. Kullum ya kira sai Inna ta ce, "Lafiya lau nake," shi kuma bai yarda ba. Da ma ya taɓa aiko mana da kyamarar bidiyo, tana cikin kwalinta. Ya ce in ɗauko masa Inna tana magana, ya gan ta da idonsa.

Na kunna, na buɗe ɗan allon. Inna rawaya, bango rawaya, matashin kai rawaya. Na shiga wajen saiti na tarar da 'yan zane-zane: ga rana, ga gajimare, ga ƙwan fitila. Na danna gajimare, ɗakin ya koma kamar gobara ta kama. Na danna wani, kowa ya yi fatau. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke jinyar Inna tare da ni, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ke, kashe abin nan! Kin mai da baiwar Allah kamar ba ta da rai." Garin neman hanyar fita na juya harshen kyamarar zuwa wani rubutu da ban taɓa gani ba. Na mayar da ita kwali na nufi shagon Baba.

Da ƙafa ya biyo ni, da hantsi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata ya jiki. Ya fara maido da rubutun kyamarar, ya daidaita hasken allon, sannan ya ɗora farin katinsa a kan matashin Inna, dab da kuncinta, ya danna. Ina kallo a allon bango ya washe ya zama fari. Matashi ya zama fari. Ɗankwalin Inna ya zama fari tas.

Inna ba ta canza ba. Fuskarta tana nan rawaya, farin idonta kamar gwaiduwar ƙwai.

Baba ya tsuke fuska. Ya sake ɗora katin, ya sake dannawa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Ya ce, "Ikon Allah." Can ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Likita ya ce wata yana ce ta fara rufe mini ido, wai takan sa mutum ya riƙa ganin abu da ɗan rawaya. Ƙila ni ne. Zo ki duba, me kika gani?"

Na duba allon na ce, "Rawaya." Na ɗaga kai na dubi Inna a kan gado na ce, "Amma ita ga ta nan yadda take kullum."

"To wanne ne gaskiya?"

"Baba, ni zan gaya maka?"

Ya ce a kawo talabijin. Muka ɗauko ta daga falo, ya haɗa waya. Ashe ita ma launinta a ƙure yake, sai ga Gwaggo da ta gifta ta fito jawur kamar an tsoma ta a rini. Gwaggo ta ce, "Ni kuma me na yi?" Inna ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Baba bai yi dariya ba. Ya rage launin talabijin, ya tsaya riƙe da haɓa yana magana shi kaɗai: "Ko kyamara, ko allo, ko talabijin, ko ƙwan nan, ko idona. Cikin biyar ɗin nan wani yana ƙarya." Ban taɓa ganin mutumin nan ya rasa inda zai sa hannu a kan kyamara ba sai ranar.

Can ya ce, "Gwaggo, don Allah hau gadon ki zauna kusa da ita. Ku haɗa kumatu."

"Yau na ga ta kaina," in ji Gwaggo, amma ta hau.

Fuska biyu suka cika allon, haske ɗaya, kyamara ɗaya. Farin idon Gwaggo fari. Na Inna rawaya.

Gwaggo ce ta fara magana. "Malam, kai dai rage rawayar nan ka ɗauka. Yaron can yana nesa, in ya ga uwarsa haka hankalinsa zai tashi a banza. Ba aikinka ke nan ba, gyaran kala?"

"Zan iya," in ji Baba. Ya taɓa wani wuri, rawayar fuskar Inna ta ja baya, ta yi kyau kamar ta warke, sai dai bango da Gwaggo sun koma shuɗi-shuɗi. Ya ce, "In na matso da ita na cika allon da fuskarta kaɗai, ba wanda zai gane." Na ga babban yatsansa yana shawagi a kan jan maɓallin ɗauka. Ni ma a raina abin da nake so ke nan, a gama a huta. Sai ya naɗe allon, ya kashe kyamarar, ya ajiye ta a kan kujera.

Ya ce, "Gwaggo, ina jin shawara ce."

"To muna jin ka, ba mu shawarar."

"Ba tawa ba. Ciwon nake nufi, ciwon shawara."

Gwaggo ta sauko daga gadon. "Kai likita ne?"

"Ni ba likita ba ne, kuma idon nan nawa yanzu ba abin rantsuwa ba ne. Wata ƙila na yi kuskure, in haka ne ku yafe mini. Amma kyamara ba ta zaɓen mutum. A fito da ita rana mu gani."

Inna ta ce ba inda za ta, jiri take ji. Muka lallashe ta, ni a dama Gwaggo a hagu, muka fito da ita tsakar gida muka zaunar a kujera. Rana ta sauka a fuskarta.

Ban san lokacin da na dafa bango ba. Idanunta, tafin hannunta, har dasashinta, duk rawaya, ba sai da kyamara ba. Matar da nake ba ruwa a baki kullum, nake shafa wa mai, nake kwana a gefenta. Ƙwan ɗakin nan ya rina komai launi ɗaya, idanunmu kuma suka saba suka yi shiru. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati.

Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Me kuke kallona haka, kamar yau kuka fara ganina?"

Ko da na waiga Baba ba ya nan, ashe titi ya fita. Sai ga shi da mota.

A asibiti aka ce tsakuwa ce ta toshe hanyar maɗaciya, kuma ta fara taɓa hanta. Aka yi mata aiki. Likitar ta ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Yaya bai ga bidiyo ba, shi da kansa ya taho. Inna ta tashi. Yanzu a tsakar gida take yini, tana faɗa da kowa a kan an bar famfo yana zuba.

Da na je yi wa Baba godiya, na zaci zan tarar da mutum mai jin ya yi abin kirki. Sai ya ce, "Wallahi har muka isa asibiti ban tabbata ba. Rabin zuciyata tana addu'ar ya zama idona ne, rabi tana jin kunyar in na ta da hankalin gida guda a kan kuskuren maɓalli. Har yau in na tuna sai in rasa wanne na fi tsoro."

A watan da ya wuce ya rufe shagon. Yanar ta yi ƙarfi, hannu ya fara rawa, kuma yanzu kowa da wayarsa yake ɗauka. An sa masa ranar aikin ido. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Tela ne ya taya shi ɗaure kwalaye.

Baba, kai ne ka shiga ɗakinmu a ruɗe, ka fita a ruɗe, amma ba ka bar ruɗun ya sa ka yi shiru ba. Kai ne aka roƙa ka rufe, kana da yadda za ka rufe ba wanda zai sani, ka ajiye kyamara. Kai ne ka fara zargin idonka kafin ka zargi na kowa. Mai gyaran launi da ya ƙi gyara ƙarya. Gidaje nawa ne a garin nan suke kallon iyayensu da suka rasu, da fatarsu da tufafinsu yadda Allah ya yi su, saboda ka tsaya ka daidaita kafin ka danna? Ba su san sunanka ba. Mu ma da muka sani, ba mu da abin biyanka. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sana'a, kowace iri ce, ga abin koyi. In aikin hannunku ya nuna muku abin da ba ku gane ba, kada ku shafe shi don mai aiki ya ji daɗi. Ku sake dubawa, ku kira wani ya duba, sannan ku faɗa, ko da murya tana rawa. Ba sai mutum ya tabbata yake faɗin gaskiyar abin da ya gani ba.

Saura saƙo ɗaya, Baba, kuma an ce in ban isar ba kada in dawo gida. Inna ta ce ranar da za a kwance maka bandeji, ita za ta zauna a gabanka kafin kowa, a bakin taga, ka dube ta da sabon ido ka gaya mata ko da sauran rawaya.