Ishaƙu Mastik da Ramuwar Gaisuwa

A bakin kakarta Halima ne Hafiza ta fara jin sunan, kuma cikin faɗa ta ji shi. Ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da yunwa, ta wuce tsohuwar a tsakar gida ta nufi tukunya, ko sannu babu.

"Ke, dawo nan," in ji Halima. "Ishaƙu Mastik ya haife ki, da za ki wuce ni kamar kin wuce turmi?"

Hafiza ta daɗe tana ɗauka wani mugu ne na cikin tatsuniya. Sai da ta ci jarrabawa aka kawo ta kolej daga Bawudeta zuwa Tasawa ta gane ƙanen kakar ne ciki ɗaya, kuma a gidansa za ta zauna. Ta tarar da gajeren tsoho mai farar ƙura har cikin gira, wanda ya tare ta da "Ga amaryata ta iso," ya tambayi lafiyar mutanen Bawudeta gida gida har da jakin maƙwabta. Duk Tasawa ba ta ga mai son gaisuwa kamarsa ba.

Ishaƙu toliye ne, mai gyaran jikin mota. Yana yaro shi ke yi wa ɗakunan gidansu yaɓe kafin damina, har ana aronsa a unguwa saboda sumul ɗin hannunsa. Da ya tafi cin rani Maraɗi ya ga ana yi wa mota irin wannan yaɓen, sai bai komo gona ba. Aikin kuwa ga yadda yake. A bubbuge ƙarfen da ya lotsa har ya kusa komawa daidai, a goge tsatsa, sannan a cike sauran ramin da mastik, wani farin ƙulli mai kauri. Mastik ba ya kamawa sai an ɗiga masa wani jan magani. Da an ɗiga an cakuɗa, to, ya fara bushewa ke nan, kuma a zafin Tasawa ba ya jiran kowa.

Nan matsalar take. Tun yana koyo, wata rana ya cakuɗa ke nan wani alhaji ya yi sallama. Ishaƙu ya amsa. Daga ina kwana aka shiga ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya aka ji da zafi, kafin a kai ga madalla ƙullin ya zama dutse a hannunsa. Maigidansa ya sa shi ya yini yana kankarewa. Daga ranar ya ɗauki al'ada: in ya ɗiga jan magani, sai ya cije ɗaya daga ƙarafan da yake shafa mastik da su don kada bakinsa ya amsa, ko wa ya zo ba ya ɗagowa. In ya gama ya wanke hannu, sai ya bi mutum har rumfarsa.

"Na zo ramuwa," zai ce. "Ɗazu ka ce ina kwana. Lahiya lau. Sai mi ka ce kuma?"

Mutanen Tasawa sun saba. Masu tsokana ma jira suke ya cakuɗa su zo su jera masa gaisuwa, don su sha ramuwa da yamma.

Shekarar da Hafiza ke ajin ƙarshe, Haruna ɗan Ishaƙu ya ga wata yarinya a Hawandawaki, Lauratu, ya ce in ba ita ba sai dai ya zauna haka. Ishaƙu ya sayo wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya daga Mayahi, wadda kaji suka riga suka yi ƙwai a cikinta, ya ce zai tashe ta Haruna ya riƙa jigilar kasuwanni ya riƙe iyali. Ana cikin wannan aiki waliyyin yarinyar, Malam Lamine, ya shigo gari ba sanarwa don ya ga irin gidan da za a kai ɗiyarsu. Aka nuna masa garaj. Ya tsaya da babbar rigarsa ya yi sallama. Shiru. Ya sake, ya ƙara matsowa har inuwarsa ta faɗa kan motar. Ishaƙu, ƙarfe a baki, ya ɗaga hannu ya yi masa alamar ya kauce daga haske. Malam Lamine ya kauce, bai tsaya ba sai tasha.

Washegari saƙo ya iso: ba a ba da ɗiya gidan da ake korar baƙo da hannu kamar kaza.

Haruna ya daina cin abinci. Halima ta aiko daga Bawudeta cewa da ma ta faɗa. Ishaƙu kuwa ya ce abin mai sauƙi ne, ramuwa ce ta yi nisa. Ya zuba esansi a Fijo, wadda jikinta duk dabbare-dabbaren mastik ne kamar akuya, saura lotsawa ɗaya a ƙofar hagu. Ya ɗora wa Hafiza ƙwaryar goro a cinya, wai ko an ƙi shi ba za a ƙi amaryarsa ba. Suka sauka daga kwalta suka shiga rairayi.

Sun sami Malam Lamine a ƙofar gida kan tabarma. Ishaƙu ya durƙusa.

"Malam, na zo ramuwa. Wa alaikumus salam."

"Ta shekaranjiya ce kake amsawa yau?"

"Hanya ce ba kyau."

Malam bai yi dariya ba. Ishaƙu ya yi bayanin jan magani, Malam ya ce shi ya yi shekaru yana huɗa yana amsa sallama, shanu ba su taɓa bushewa ba. Hafiza ta ga maganar tana lalacewa, ta ƙara rungume ƙwaryar.

Sai Ishaƙu ya tashi ya ɗauko gwangwanin mastik. "To Malam, ga ƙofar motar ɗanka. Sa mata albarka da hannunka, in ya so ka kore ni."

Mutane sun fara taruwa, Malam kuwa ba mai ja da baya ba ne a gaban jama'a. Ya naɗe hannun riga. Ishaƙu ya ɗiga, ya cakuɗa, ya miƙa masa, yana cewa a ja sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Malam ya ja. Ya ga wani ɗan rami ya rage, ya sake ja. Ƙullin ya fara yin nauyi. Ya sunkuya, ya cije leɓe, zufa na bin gemunsa. Daidai nan limamin garin ya iso da sandarsa.

"Salamu alaikum."

Malam na ta fama da gefen ramin.

"Salamu alaikum, Malam Lamine."

Inuwar liman ta faɗa kan ƙofar. Malam, ko ɗagowa bai yi ba, ya kaɗa masa hannu.

Sai wata tsohuwa ta tuntsire da dariya daga bayan darni, kowa ya bi. Malam ya ɗago ya ga liman ne ya kora, har ya juya ya nufi gida. Ya dubi hannunsa, ya dubi Ishaƙu.

"Yanzu ya ake yi?"

"Sai ka wanke hannu ka bi shi gida. Ni zan raka ka, na san hanyar abin."

A zauren liman aka yi ramuwar, a nan kuma aka raba goron da Hafiza ta riƙo. Bayan girbi aka ɗaura aure.

Sai dai yaɓen Malam ya bushe da tudu, kamar an manna wa ƙofar waina. Ishaƙu ya ɗauko takarda mai yashi zai goge, Haruna ya riƙe masa hannu, don surukin ya riga ya gaya wa duk Hawandawaki cewa shi ya gyara ƙofar. Haka aka fesa shuɗin fenti a kai. Har yau duk ranar kasuwa Malam Lamine sai ya zagayo ya shafa tudun ya nuna wa mutane. Ishaƙu kuwa in motar ta zo wucewa ta gaban garaj, yakan juya ya shiga neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki.

Ranar da Hafiza ta gama kolej tana ɗaure kayanta, Ishaƙu ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana kakkaɓe gira.

"Amarya, na ji an ce ke ke riƙe labarin dangi. To ina roƙon abu guda. Duk wanda ya tambaya, ko bayan raina, ki ce masa ƙofar hagu ba aikina ba ce. Amma ki duba tukuna, kada ya zama mutumin Hawandawaki ne."