Babban Takalmi

Ranar Juma'ar da na yi wa Sista wasan takalmi, saura kwana uku ta sa hannu a takardata. Wata shida ke nan ina aikin nas a wani asibiti a Landan, kuma duk na gwaji ne. In ta sa hannu, aiki ya tabbata. In ta ƙi, aiki ya tafi, biza ta bi bayansa, ni da maigidana mu tattara komatsanmu daga ɗan gidan hayarmu na Catford.

Sista ita ce shugabar ɗakin marasa lafiyar da nake aiki. 'Yar Ostireliya ce, doguwa, ta haura arba'in, ba ta da yawan magana. Ni kuwa tun zuwana "to, Sista" kaɗai ta sani a bakina. A Kano an san ni da baki, ko a gidan biki ba a kayar da ni, amma a nan na haɗiye harshena don tsoron kada in faɗi abin da zai ja mini.

Akwai wani tsohon katun na Amurka da Turawan nan suka taso da shi. A wani kashi nasa, iyalin da ake nunawa sun je Ostireliya, aka mai da mutanen can ƙauyawa, mashaya giya, masu lanƙwasa harshe. Wai hukuncinsu ma shi ne a sa wani ƙaton takalmi a zabga wa mai laifi shuri a mazaunai. Wani nas Bature, ɗan Ingila mai surutun tsiya, shi ya nuna mini a wayarsa lokacin shan shayi. Ya ce da aka fara nuna shi mutanen can sun fusata, amma yanzu su ne suka fi kowa son sa. Na leƙa bayanan da ke ƙarƙashin bidiyon, na ga kuwa haka ne, 'yan ƙasar ne ke ta yabo suna ƙara wa abin gishiri. Matasansu biyu da ke aiki tare da mu sun haddace shi kaf. Kusan kullum sai Baturen nan ya kwaikwayi muryar katun ɗin in Sista ta shigo, ita kuma sai ta yi 'yar dariya ta wuce.

Nan take na ce na gano bakin zaren. Ai waɗannan abokan wasa ne, kamar mu da Zagezagi. Maigidana Bazazzage ne, kuma tun ranar ɗaurin aurenmu danginsa ke cewa sun sayo baiwa daga Kano, nawa kuma na cewa sun yi wa bawansu alfarma. Ba wanda ya taɓa riƙe wani a zuci. Ina kallon Turawan nan suna tsokanar juna, sai kewar gida ta kama ni. Ni ma ina so a tsokane ni, in rama.

Ranar Juma'ar, wani sabon likita ya makara zagayen safe. Sista ta dubi agogo, ta ce wannan karon sai ta yi maganinsa. Kafin in yi tunani, bakina ya riga ni.

"Sista, in ɗauko miki babban takalmin?" Har da lanƙwasa harshe irin na katun ɗin.

Baturen nan ya ƙyalƙyace har da buga tebur. Sista ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, kallo mai tsawo, wuyanta ya yi ja. Sai ta ce, "Ki same ni a ofis ranar Litinin da safe." Ta juya ta tafi.

Ban san yadda na ƙarasa aikin ranar ba. A jirgin ƙasa na zauna ina maimaita maganar a raina, ina juya ta ta kowace fuska, ko zan sami inda ta yi sauƙi. Na tuna horon da aka yi mana a makon farko kan raina ƙabilar wani ko ƙasarsa a wurin aiki, da takardar da na sa wa hannu cewa na fahimta.

Da na gaya wa maigidana, ya ajiye cokali.

"Ke da wa kike wasa?"

"Ai su ma suna yi, Malam."

"Su. Ke fa? Kakanninki da nata sun taɓa haɗa wani abu? Ko a gida, kin taɓa ganin Bakatsine ya shiga tsakanina da ke?"

Na san gaskiya ya faɗa. Ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya sassauta murya. "Ba komai, in sha Allahu za ta yi signing. Ki yi apologising kawai, kada ki tsaya dogon bayani irin naku na Kanawa." Ko wannan tsokanar ba ta ba ni dariya ba.

Ranar Asabar na je kasuwar Whitechapel sayen kifi da kuɓewa, na dawo da kuɓewa leda biyu, babu kifi. Ranar Lahadi na rubuta wasiƙar ban haƙuri sau huɗu, ina yagawa. Innata ta kira daga Kano tana tambayar ko an tabbatar mini da aikin, na ce ana kan hanya, ta sa ni a addu'a. Ban iya gaya mata cewa da bakina na kira wa kaina ruwa ba.

Litinin da safe na ƙwanƙwasa ofis. Takardar na kan tebur, biro a gefenta. Na manta shawarar maigida, na shiga bayani. Na ba ta labarin Kanawa da Zagezagi, na ce na ga tana dariya in Baturen nan ya yi, na zaci irin namu ne. Ta saurare ni har na gama.

"Ƙannena biyu suna son katun ɗin nan kamar me," in ji ta. "Su a can suka girma. Ni ina 'yar shekara goma sha biyu aka kawo ni makaranta a nan, daidai lokacin da ake yayinsa. Shekara guda cur yara suna bi na a baya suna shuri na, suna kwaikwayon muryata. In na yi kuka su ƙara, in na yi dariya su gaji da wuri. Sai na koyi dariyar."

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Tsohon nan na gado na huɗu," ta ci gaba, "wanda kullum yake tambayar ki ko ke ce 'yar sarkin Najeriyar da ke aiko masa da wasiƙar damfara. Ina ganin ki kina masa dariya. Daɗi yake miki?"

"A'a, Sista."

"To. Shi ya sa ban zaci zan ji daga bakinki ba."

Ta jawo takardar, ta sa hannu, ta miƙo mini. Ta ce aikina ba shi da aibi, kuma gobe ina zagayen safe. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Abin da na kwana uku ina roƙon Allah ya ba ni ya zo hannuna, amma kunya ta hana ni jin daɗinsa.

Na ninke takardar na sa a aljihu, na tura keken awo zuwa gado na huɗu. Tsohon yana ganina ya washe baki, ya ce ga gimbiya ta iso, ina miliyoyinsa? Na ji bakina ya fara buɗewa da kansa zai yi masa dariya, kamar kullum. Na rufe shi, na ce ya miƙo hannu in auna jininsa.