Abin Da Nake Yi Idan Malam Haruna Ya Tafi Masallaci

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana da rai, ƙannena mata kuma suna gidajen mazajensu. Ni mutumin Zariya ne. Na yi difloma a fannin kwamfuta, na zauna shekara uku ban sami aiki ba. Kafin in tafi Doha ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na faɗi haka ne don kada wani matashi ya karanta labarin nan ya ce ai shi ba irina ba ne. Ni ma a lokacin mutumin kirki nake ganin kaina.

Da aikin gadi na shiga Qatar. An ajiye ni a ƙofar wani kamfanin sufuri da ke unguwar masana'antu, kusa da Asian Town, wata kasuwa da baƙin ma’aikata suke taruwa. Tirelolin kamfanin suna ɗauko kaya daga Saudiyya da Dubai, su shigo ta kan iyakar Abu Samra. Aikina buɗe get da rufe get, daga safe har yamma, cikin zafin da ko takalmi sai ya ji a jikinsa.

A ofishin kamfanin akwai wani dattijo, Malam Haruna, mutumin Funtuwa. Ya haura shekara hamsin, ya daɗe a ƙasar, yana jin Larabci da Turanci. Ranar da ya ji ina waya da Hausa ya tsaya muka gaisa, ya tambayi garinmu da sunan mahaifina. Bayan wata biyu kwamfutarsa ta ƙi aiki ana tsakiyar hada-hada, na ce ya bari in duba. Na gyara ta. Ya dube ni ya ce, “Kai da wannan ilimin kake tsaye a rana?” Shi ya yi ta bin manaja da kafil, wato mai gidan da ya tsaya mini a takardun aiki, har aka sauya mini aiki, aka ba ni kujera a gefensa.

Ga yadda aikin yake. Kafin tirela ta iso kan iyaka, dole kamfani ya aika wa kwastam bayaninta ta intanet: lambar mota, sunan direba da lambar fasfonsa, irin kayan da ta ɗauko, katan nawa ne, nauyinsu, da ƙasar da aka yi su. Da wannan bayanin ake ware motar da za ta bi ta na’urar haska kaya ta wuce, da wadda za a sauke a duba ta katan-katan. Ni nawa shi ne in cike bayanan in ajiye. Malam Haruna ne kaɗai yake da izinin aikawa, da sunansa da lambar sirrinsa. Duk abin da aka aika, a wuyansa yake.

Ya kan ce mini, “Ɗana, abin da ke cikin mota shi za ka rubuta. Ba abin da mai kaya yake so ba.” Saboda tsare gaskiyarsa, ba kasafai ake sauke motocin kamfaninmu ba. An san sunansa, an yarda da shi.

Yana da ɗabi’a ɗaya. Da zarar an kira sallar Azahar sai ya miƙe, ko me yake yi, ya tafi masallacin da ke bayan garejin kamfanin. Ba ya rufe kwamfutarsa. Ni kuma ina zama in jira waya, idan ya dawo in je in yi tawa.

Farkon abin ba da mugunta na yi shi ba. Wata rana wani direba ya kira daga kan iyaka, an tsayar da shi saboda na yi kuskuren harafi ɗaya a lambar motarsa. Malam yana masallaci. Na matsa kan kujerarsa, na gyara, na aika da sunansa. Cikin minti goma motar ta wuce. Da ya dawo na yi niyyar gaya masa, sai na ji kunyar kuskurena, na yi shiru. Bai lura ba. A ranar na gano cewa zan iya, kuma ba wanda zai sani.

Ranar Juma’a mukan haɗu da ’yan gida a Asian Town, mu ci abinci mu yi hira. A can na san wani da ake kira Sani Dillali. Ba wanda ya san takamaiman aikinsa, amma kullum shaddarsa a goge take, motarsa da sanyi. Da ya ji inda nake aiki sai ya fara jawo ni jiki. Ya kai ni bakin teku a Al Wakrah muka ci gasasshen kifi. Ya ba ni waya sabuwa, ya ce tsaraba ce. Sai a haɗuwa ta huɗu ya faɗi buƙatarsa.

Yana da katan-katan na man shafawa da za su shigo cikin wata motarmu. Irin wannan kaya sai da takardar izini daga hukumar lafiya, ita kuma tana ɗaukar lokaci.

Ya ce, “Ka rubuta kayan roba ne kawai. Man shafawa ne fa, ba makami ba. Wa aka cuta?”

Na ce, “Ba ni nake aikawa ba, Malam ne.”

Ya yi murmushi ya ce, “Malam ba ya tashi daga kujera ne?”

Na kwana biyu ina tunani. A rana ta uku aka kira Azahar, Malam ya tafi, na zauna a kujerarsa na aika bayanin yadda Sani ya ce. Motar ta wuce lafiya. Sani ya turo mini saƙo, kalma ɗaya ta Larabci: khalas, wato shi ke nan. Da yamma ya kawo mini ambulan.

Daga nan abin ya zama jiki. Na biyu ya fi na farko sauƙi, na biyar ko bugun zuciya ban ji ba. Na koyi yadda zan cire takardun Sani daga cikin tarin da Malam yake dubawa, in riƙe su sai ya fita. Na bar ɗakin da muke kwana mu shida, na kama ɗaki ni kaɗai a Al Wukair. Na gyara wa mahaifiyata rufin ɗaki, ta yi ta sa mini albarka a waya, ina cewa amin. Na daina tambayar Sani abin da ke cikin katan. Abin da ya ce in rubuta shi nake rubutawa. Sallar Azahar kuwa ta koma wani abu da nake jira don wata manufa daban. Har agogo nake dubawa.

Sau ɗaya Malam ya kusa ganewa. Ya ce, “Wannan motar ban tuna na aika bayaninta ba.” Na ce, “Kun aika, Malam, jiya kafin ku fita. Aiki ne ya yi muku yawa.” Ya shafa gemunsa ya ce, “Tsufa ya fara zuwa ke nan.” Ya yi dariya. Ni ma na taya shi.

Wata takwas muka yi a haka. Ranar wata Talata, da misalin ƙarfe goma na safe, na’urar haska kaya ta nuna wa ma’aikata abin da bai yi kama da bokitan roba ba. Aka sauke motar. A ƙarƙashin layin farko aka sami katan-katan na ƙwayoyin da doka ta hana shigo da su. Aka kama direban nan take. Wani ɗan Nepal ne, sunansa na sha bugawa a kwamfuta, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. An ɗora masa kaya a rufe, aka ce ya tuƙa, ya tuƙa.

Kafin La’asar jami’ai biyu suka zo ofis. Ba hayaniya. Suka tambayi wanda ya aika bayanin, suka karanta sunan Malam Haruna. Ya cire tabarau ya ce, “Ni ne, amma ban san wannan ba.” Da za su fita da shi ya juyo ya ce mini, “Ɗana, ka kula da sauran motocin, kada direbobi su kwana a hanya.” Na ce to. Na kira Sani, wayarsa a kashe. Daga baya na ji tun a ranar ya bar ƙasar.

Ina so in ce ni na kai kaina, amma ba haka aka yi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa aiki ina komawa gida. ’Yan gida suna haɗuwa ana yi wa Malam addu’a, ina cikinsu ina ɗaga hannu. An ba da belinsa bayan mako guda, amma aka riƙe fasfonsa, aka hana shi fita ƙasar sai an gama bincike. A cikin kwanakin nan aka kira shi daga Funtuwa cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani, tana ta kiran sunansa. Ya nemi izinin tafiya, ba a ba shi ba. A gabana aka sanar da shi rasuwarta. Ya zauna a kan dakalin garejin, ya riƙe wayar da hannu biyu, yana ta maimaita innalillahi a hankali. Na yi masa ta’aziyya. Ko a wannan lokacin ban buɗe baki ba.

Kwamfuta ce ta faɗi abin da na kasa faɗa. Duk bayanin da aka aika, tana riƙe da lokacin da aka aika shi, har minti. Mai binciken ya jera bayanan ƙaryar gaba ɗaya, ya ga duk a lokaci guda suke faɗowa, tsakanin kiran Azahar da idar da salla. Ya je masallacin, limamin da masu gyaran mota suka shaida cewa Malam Haruna a sahun farko yake kullum. Kyamarar ƙofar ofis ta nuna fitarsa da dawowarsa. Aka kira ni, aka ajiye takardar a gabana. Jami’in ya tambaye ni cikin natsuwa, “Wa yake zama a ofis a wannan lokacin?” Ban iya ƙarya ba kuma.

Kotu ta yanke mini shekara uku, da kora daga ƙasar bayan na gama. Ba a dake ni ba, ba a bar ni da yunwa ba. Abin da ya fi damuna lokaci ne. Yini yana da tsawo idan ba ka da abin yi sai tuna abin da ka aikata. Watannin farko Sani nake zagi a zuciyata. Sannu a hankali na gane cewa Sani bai taɓa zama a kujerar Malam ba, ni na zauna. A can na koma yin salla a kan lokacinta, na sauke Alƙur’ani a hannun wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya. Mahaifiyata sai da ta shekara kafin aka gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta aiko a tambaye ni ko da wannan kuɗin aka yi mata rufin ɗaki. Da aka ce mata e, ta koma kwana a ɗakin ƙanwata.

Ranar da aka sake ni, daga kurkuku filin jirgi aka wuce da ni, da jaka ɗaya. Na yi sati biyu a Zariya, sannan na shiga mota zuwa Funtuwa. An wanke Malam Haruna daga laifi, amma kamfanin bai sabunta masa kwantiragi ba, an ce sakacinsa ne ya bar kwamfuta a buɗe. Na same shi a wani ƙaramin shago kusa da tasha, yana sayar da kayan gyaran mota. Ya rame, gemun ya yi fari fat.

Na durƙusa na ce, “Malam, na zo ku yafe mini.”

Ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce, “Aikin da na rasa ba komai, dama lokacin dawowata ya yi. Abin da ya tsaya mini shi ne Inna. Da ka yi magana a ranar farko, da na same ta da rai.” Ya ƙara da cewa, “Na yafe maka. Na daɗe ina fama da zuciyata kafin ta yarda, amma na yafe. Sai dai ba ni kaɗai ka cuta ba. Direban nan wata biyar ya yi a tsare kafin a sake shi, aka mayar da shi ƙasarsu ba aiki. Yana da ’ya’ya. Ka neme shi.”

Na nema. Na tambayi duk wanda na sani a Doha, na rubuta wa tsofaffin direbobin kamfanin. Ba wanda ya san ƙauyensu. Har yau ban same shi ba, kuma ban daina tambaya ba.

Yanzu ina gyaran waya da kwamfuta a Zariya. Abin da nake samu kaɗan ne, amma ina barci.

Ku matasa, musamman masu shirin fita waje da masu aikin ofis, ga abin da zan ce muku. Sata ba sai an fasa ƙofa ba. Ni ban taɓa ɗaga katan ko ɗaya ba, kalma biyu kawai nake sauyawa a allon kwamfuta, amma da su na tsare mutum wata biyar, na hana wani ganin mahaifiyarsa. Kada ka taɓa aiki da sunan wani ko lambar sirrinsa, ko da gyaran harafi ɗaya ne. Idan ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, kunyarsa ba ta wuce ta minti biyar. Idan wani ya fara yi maka kyautar da ba ka san dalilinta ba, ka tambaye shi abin da yake so tun kafin ka karɓa. Idan kuma ka riga ka faɗa ciki, aka kama wani a madadinka, kada ka jira a gano ka. Shekara ukun da na yi a kurkuku na biya su, sun wuce. Kwana goma sha ɗayan da na yi shiru, su ne har yau ban san yadda zan biya ba.

Allah Ya yafe mini, Ya tsare ku.