Takalman Gashi da Na Saya wa Mutanen Kano

Har yau a unguwarmu akwai masu rantsuwa cewa na taɓa zuwa Ingila. Ban taɓa ba. Laifina ne, don in na fara ba da labarin wani tsohon gari na can, da gadarsa ta dutse da agogon tsakiyar kasuwarsa, sai ka ɗauka a can aka yanke mini cibiya. A Guangzhou na ga garin, cikin kyamarar wata Baturiya, ina tsaye a shagon takalma, kuma ranar ba na jin akwai wadda ta kai ni wauta a duk ƙasar Sin.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Sin ce. Gwaggona, yayar babana, ta tafi da ni sarin kaya saboda na gama sakandare ina jin Turanci, ita kuwa ta gaji da ciniki da yatsa. Biza ta yi wuya a shekarar, kwanaki kaɗan aka ba mu. Ta ce ta bar mini lungu ɗaya a kwantenarta, in cika shi da abin da na zaɓa da kaina. In kayan suka shiga a Kano, za ta riƙa zuwa da ni. In suka kwanta, in koma tsaron shago ina korar ƙuda.

'Yan kasuwarmu suna da wata ɗabi'a da ba sa son a faɗa. In ka ga gwanin saye ya daɗe a wani shago, sai ka laɓe ya fita, ka shiga ka ce wa mai shagon a ba ka irin nasa. Na ga Gwaggo ta yi wa matan Legas haka. Na ce ni ba zan tsaya bin sawun 'yan gida ba, sai na waje.

A Zhanxi, layin takalma kusa da tashar jirgin ƙasa, na haɗu da Baturiyar. Dattijuwa ce mai furfura, ta zauna kusa da ni a benci tana fifita da takarda. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga wani gari da ya shahara da kasuwa tun ɗaruruwan shekaru, wai sarkinsu na dā ne da kansa ya rubuta izinin kafa ta, kuma tana da rumfa a ciki. Ban tsaya jin saura ba. Nan take na haɗa Kurmi da Kwari da Sabon Gari a kaina, na ɗora musu dusar ƙanƙara. Na bi ta a baya har ta shiga wani shago ta daɗe. Tana fita na faɗa.

Abin da ta zaɓa wasu takalma ne masu faɗi, cikinsu cike da gashi mai laushi. Na ce wa lawban, wato mai shagon, katan huɗu. Ya dube ni, ya nuna fuskata, ya yi fifita da hannu alamar ƙasarmu da zafi. Sau biyu ya yi. Na daka masa tsawa na ce ba shawara na zo nema ba.

Da la'asar Gwaggo ta buɗe katan ɗaya a masauki. Ta zura hannu cikin takalmin, ta daɗe ba ta fito da shi ba. Wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya ta leƙo ta tambaya ko na sawa ne ko na kwanciyar kyanwa.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "'Yar nan, wa za ki sayar wa?"

Na ce, "Mutane mana, Gwaggo."

"Faɗa mini sunan mutum ɗaya."

Na shiga ba ta labarin babbar kasuwar Turawa. Ta ce jibi za a rufe kwantena, ita dai ta gama magana.

Washegari na koma neman Baturiyar, don in samo hujjar da zan rufe bakin Gwaggo. Na same ta a shagon nan. Na ce ta nuna mini kasuwar tasu. Ta yi murna, ta ciro kyamara.

Fili ne da bai kai na makarantarmu ba. A tsakiya akwai wata rumfar dutse mai agogo a ka, ta ce a nan matan ƙauye suke sayar da man shanu a zamanin dā. Kewaye da ita 'yan tebura ne: mai cuku, mai ƙwai, mai furanni, mai kifi da ke zuwa da mota. Laraba da Asabar kawai kasuwar take ci, kafin la'asar kowa ya naɗe. Kasuwar shanu ma ta mutu, wurin ya zama ma'ajiyar motoci. Ta nuna mini cocinsu mai ƙararrawa, da gadar da motoci biyu ba sa gilma wa juna a kai, da gidajen katako da suka karkata kamar za su faɗo wa titi amma an ce haka suke tun kakanni. Akwai wani tsoho da ke sa jar riga ranar biki, ya kaɗa ƙararrawa yana shela, ko da kowa ya riga ya ji labarin. Sau ɗaya a shekara kuma sai su taru a yi gasar wanda albasarsa ta fi girma. A kusan kowane hoto ruwa ake yi, kuma kusan kowa tsoho ne.

Na ce mata kasuwar ƙauyen kakata ta fi wannan cika. Ta ce ba ta musu.

Na tambaye ta katan nawa ta ɗauka. Ta ce rabin katan. Sai ta buɗe jaka ta fito da wasu kwalaye da aka yanka daidai tafin ƙafa. Kowanne na mutum guda ne. Wannan na matar mai gidan burodi ne, ƙafarta na kumbura da sanyi. Wannan na tsohuwar malamar firamare ce, dama ta fi hagu girma. Kafin ta taso sai da ta sa kowacce ta taka kwali ta zana. Ta ɗora kwalin a ƙasan takalmi tana gwadawa, ni kuma ina tsaye da katan huɗu na tsofaffin garin da ban taɓa gani ba.

Lawban yana gefe yana kallon masu tsere a talabijin, amma na san kunnensa na wurinmu.

Na fita na tsaya a bakin titi, zufa na bin bayana. Na lissafa matan da na san ƙafarsu da gaske: malaman Islamiyyar layinmu, ma'aikatan jinya biyu da ke wuni a tsaye, maƙwabciyarmu da kullum take kukan ba a samun takalmi lambarta. Na yanke shawara zan shiga shagon waya in kira Umma ta zaga gidajen ta tambayo mini lambobinsu, sannan in roƙi lawban ya canza mini kayan da takalma fulat masu shan iska. Amma kafin in roƙe shi komai, sai na fara ba shi haƙuri, a gaban Baturiyar.